Dama Kafin Hagu: Ƙa'idar Da Ke Rikita Masu Koyon Tsara Aikin Kwamfuta Da Zane

Duk wanda ya taɓa zama a aji ɗaya na firamare ya san cewa bakwai a tara da bakwai goma sha huɗu ne. To, amma akwai wani fage na ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, inda sabon ɗalibi kan ba na'urar 7 ya ce ta ninka masa, sai ta amsa masa da 12, alhali ba ƙarya ta yi ba, ba kuma lalacewa ta yi ba.

Ga yadda abin yake faruwa a cikin wata manhaja da ake kira Pure Data. Ɗalibi ya zana akwati biyu a fuskar kwamfuta, na sama na shigar da lamba, na ƙasa na tarawa. Akwatin tarawa yana da ƙofa biyu a bisa kansa, ta hagu da ta dama. Sai ya ja igiya daga akwatin sama zuwa ƙofar hagu, ya sake jan wata daga wuri guda zuwa ƙofar dama, da nufin duk lambar da ya rubuta ta shiga ta ƙofofin biyu, a tara ta da kanta. Ya rubuta 5, na'ura ta ba shi 5. Ya rubuta 7, ta ba shi 12. Ya rubuta 3, ta ba shi 10. Ya duba zanensa ya sake dubawa, ya gwada shi da na littafin da yake koyo a ciki, bai ga bambanci ko na ƙwayar zarra ba.

A daidai wannan wuri ne da yawa daga cikin masu koyo kan yi fushi su rufe na'ura, suna ganin kansu ne ba ya ja. Gaskiyar magana kuwa ita ce ruwa ba ya tsami banza. Akwai ƙa'ida ta wanda zai riga wani fita da wanda zai riga wani shiga, kuma wanda bai san ta ba zai daɗe yana lalube a cikin duhu.

ZANE A MAIMAKON RUBUTU

Yawancin umarnin da ke tafiyar da kwamfuta rubuta shi ake yi, layi bayan layi. Na'ura takan karanta daga sama zuwa ƙasa, ta gama da layin farko sannan ta shiga na biyu, saboda haka wanda ya rubuta yana ganin jerin ayyukansa ƙuru-ƙuru. Sai dai wannan hanya tana bukatar haddar kalmomi da alamomi masu yawa, kuma aya ɗaya in ta ɓace sai aikin duka ya tsaya. Wannan ya sa masana suka nemi wata hanya da za ta fi sauƙi ga waɗanda ba sana'arsu ke nan ba, kamar makaɗa da masu zane da injiniyoyi.

A wannan hanya ta biyu ba a rubuta layi. Ana jera akwatuna ne a fuskar na'ura, kowane akwati da aikinsa: wannan tarawa, wancan ƙidaya, wani kuma fid da sauti. Kowane akwati yana da ƙofofin shiga a samansa da ƙofofin fita a ƙasansa. Mai aiki yakan kama linzamin kwamfuta ya ja igiya daga ƙofar fitar wani akwati zuwa ƙofar shigar wani, sai lambobi da saƙonni su riƙa gangarowa ta cikin igiyoyin. Wanda ya taɓa ganin lambun noman rani zai gane abin nan take: ruwa ya fito daga rijiya, ya bi magudana, ya shiga wannan fangali, ya wuce wancan.

Amma fa akwai abin da zane ba ya faɗa. Yana nuna inda saƙo zai bi, ba ya nuna lokacin da zai bi. A lambu ruwa yana iya rabuwa ya bi magudana biyu a lokaci guda. A cikin irin waɗannan manhajoji kuwa saƙonni ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, ko da yake saurinsu kan sa ido da kunne su ɗauka tare suka isa. Tun da haka ne, tilas wani ya riga wani, kuma tilas a sami ƙa'idar da za ta yanke hukuncin wanda zai yi gaba.

ASALIN AL'AMARIN

Tunanin tsara aikin kwamfuta da zane ba sabo ba ne. Tun cikin 1966 wani ɗalibin babban digiri a makarantar ilmin fasaha ta MIT da ke Amurka, mai suna Bert Sutherland, ya nuna yadda za a zana umarni a fuskar wata ƙatuwar na'ura da ake kira TX-2. Cikin shekarun 1970 kuma Shehun Malami Jack Dennis na wannan makaranta ya yi zurfin bincike a kan irin tsarin da lambobi ke gudana daga mataki zuwa mataki.

Amma ƙa'idar dama kafin hagu daga fagen kiɗa ta yi suna. A birnin Faris na ƙasar Faransa akwai wata cibiyar binciken sauti da kiɗa da ake kira IRCAM, wadda shahararren mai tsara kiɗa Pierre Boulez ya kafa bisa gayyatar Shugaba Georges Pompidou, aka buɗe ta a 1977. Cikin tsakiyar shekarun 1980 wani matashi Ba'amurke masanin lissafi, Mista Miller Puckette, ya kama aiki a can. Bukatar da ke gaban cibiyar a lokacin ita ce a sami hanyar da makaɗi zai yi wasa a gaban jama'a, kwamfuta tana saurarensa tana amsa masa nan take. Puckette ya ƙirƙiro wata manhaja ta akwatuna da igiyoyi a kan na'urar Macintosh domin sarrafa babbar na'urar sauti ta cibiyar, wadda ake kira 4X. A 1988 aka yi amfani da ita a wani kiɗa na fiyano da kwamfuta mai suna Pluton, wanda Philippe Manoury ya tsara.

An raɗa wa manhajar suna Max don girmama Max Mathews, injiniyan ɗakin bincike na Bell a Amurka, wanda a 1957 ya rubuta manhajar da ta sa kwamfuta ta fid da sautin kiɗa, ya kuma rasu a 2011. A 1990 kamfanin Opcode ya fara sayar da Max bayan David Zicarelli ya ƙara mata gyare-gyare. Shi Zicarelli ya kafa nasa kamfanin mai suna Cycling '74 a 1997, ya ci gaba da renonta, kafin kamfanin Ableton na birnin Balin a Jamus ya saye shi a 2017.

Shi kuwa Puckette ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a 1994. A 1996 ya fito da wata sabuwar manhaja, ƙanwar Max, ya sa mata suna Pure Data, ana taƙaita shi da Pd. Ita wannan kyauta ake ba da ita, kowa yana iya sauko da ita daga intanet, kuma ba ta bukatar na'ura mai tsada. Saboda haka matashin da ke zaune a Legas ko Kano ko Yamai, in yana da tsohuwar kwamfuta, daidai yake da ɗalibin Faris wajen samun kayan koyo. Daidai suke kuma wajen yin tuntuɓe da dutse guda.

ƘOFA MAI ZAFI DA ƘOFA MAI SANYI

Ƙa'ida ta farko ta shafi ƙofofin shiga. A mafi yawan akwatunan Max da Pd, ƙofar da ke can ƙarshen hagu ita ake kira mai zafi, sauran kuwa masu sanyi. In saƙo ya shiga ta ƙofa mai sanyi, akwati yakan karɓa ya ajiye, ya yi shiru, ba ya fid da komai. In kuwa saƙo ya shiga ta ƙofa mai zafi, nan take akwati zai yi aikinsa da abin da ya riga ya ajiye, ya tura sakamako ƙasa.

Misalin wannan shi ne maharbi da bindigarsa ta gargajiya. Sai ya zuba albarushi, ya ɗura harsashi, ya danna su da sanda, sannan ya ja kunama. Zuba albarushi ba ya sa bindiga ta tashi, haka ma ɗura harsashi. Kunama ce kaɗai ke tashinta, kuma ba ta tambayar ko an gama shiri. In maharbi ya ja ta kafin ya ɗura, ko dai bindiga ta yi shiru, ko ta harba abin da ya kwana a cikinta. Ƙofar hagu ita ce kunama, na dama su ne albarushi da harsashi.

Da wannan bayani sai asirin ɗalibin nan ya tonu. Lokacin da ya rubuta 5, ƙofar hagu ce ta fara karɓa. Akwati ya duba abin da ke ajiye a dama ya tarar da sifiri, ya tara 5 da sifiri ya fid da 5. Bayan an gama ne 5 ta isa ƙofar dama, aka ajiye ta. Da ya rubuta 7, hagu ta sake riga, akwati ya tara 7 da tsohuwar 5, ya ba da 12. Da ya rubuta 3, aka tara ta da tsohuwar 7, aka sami 10. Watau kullum na'ura tana aiki da albarushin jiya. Da ƙofar dama ce ke fara karɓa, da amsoshin sun fito 10 da 14 da 6, kamar yadda ya nufa.

ME YA SA AKE FARAWA DAGA DAMA?

Ƙa'ida ta biyu ta shafi ƙofofin fita, kuma daga ta farko ta samo asali. In akwati yana da ƙofar fita fiye da ɗaya, to ta ƙarshen dama ce ke fara fid da saƙonta, sai mai bi mata, har a zo ta hagu a ƙarshe.

Wannan yakan ba wanda ya saba da karatun boko mamaki, domin idonsa daga hagu yake fara tafiya, sai ya ɗauka na'ura ma haka take yi. Wanda ya yi karatun allo kuwa, ko ya saba da rubutun ajami, ba zai ga abin baƙo ba, balle ma a al'adar Hausawa daga dama ake fara miƙa ruwa da gaisuwa a cikin taro. Sai dai ba don ladabi aka sa wannan ƙa'ida ba. Dalilinta na aiki ne zalla: tun da ƙofar hagu ce ke tashin aiki, dole ita ce za ta karɓi saƙo a ƙarshe, bayan sauran sun cika. In akwatin sama yana fitarwa daga dama zuwa hagu, mai aiki sai kawai ya sauko da igiyoyinsa a miƙe, dama zuwa dama, hagu zuwa hagu, komai ya tafi daidai ba tare da an harɗe igiya ko ɗaya ba.

Babu inda amfanin wannan ya fi fitowa fili kamar wajen kiɗa. A 1983 kamfanonin ƙera kayan kiɗa na lantarki na Amurka da Japan suka daidaita a kan wani harshe guda da na'urorinsu za su riƙa magana da juna, wanda ake kira MIDI. A wannan harshe, in makaɗi ya danna maɓallin fiyano, ba sauti ake aikawa ba, lambobi ake aikawa. Lamba ta farko tana faɗin wane maɓalli aka danna, daga 0 zuwa 127, inda 60 take tsaye a kan maɓallin da ake kira na tsakiya. Ta biyu tana faɗin ƙarfin bugun, ita ma daga 0 zuwa 127. Ta uku tana faɗin ta wace hanya saƙon zai bi a cikin hanyoyi 16. In makaɗi ya ɗaga yatsansa, akwatin da ke karɓar saƙon yakan sake fid da lambar maɓallin, amma da ƙarfin bugu sifiri, ma'ana a yi shiru.

Akwatin karɓa yana da ƙofar fita uku: maɓalli a hagu, ƙarfin bugu a tsakiya, hanya a dama. Akwatin da ke aika umarni zuwa na'urar sauti shi ma ƙofar shiga uku gare shi, a kan wannan jeri. Da makaɗi ya danna, hanya ta fara fita, ƙarfi ya biyo, maɓalli ya zo a ƙarshe ya ja kunama. Sauti ya tashi daidai.

To, a ɗauka mai koyo ya sa wasu akwatuna a tsakani, har jerin ya birkice, lambar maɓalli ta riga ƙarfin bugu isa. Makaɗi ya danna maɓalli na 60 da ƙarfi 100. Akwati ya karɓi 60, ya duba ajiyarsa ya ga sifiri, saboda haka ba a ji komai ba. Daga baya 100 ta iso aka ajiye. Makaɗi ya ɗaga yatsa, 60 ta sake isowa, ta tarar da 100 a ajiye, sai sauti ya tashi a lokacin da ya kamata ya mutu. Ya danna maɓalli na 62, umarnin yin shiru ya tafi ga 62 wanda dama bai tashi ba, na 60 kuwa yana nan yana kuka ba mai kashe shi. Kafin a buga maɓalli goma, ɗaki ya cika da ƙara. In a ɗakin gwaji ne, abin dariya ne. In kuwa a gaban jama'ar da suka biya kuɗi suka shigo ne, to abin kunya ne da ba ya gyaruwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

INDA YAYA DA ƘANWA SUKA SAƁA

Ƙa'idojin nan biyu Max da Pd sun yi tarayya a kansu. Inda suka rabu shi ne wuri na uku, watau in aka ja igiya biyu ko fiye daga ƙofar fita guda ɗaya.

A cikin Max, wurin da akwatunan suke zaune a fuskar na'ura shi ke yanke hukunci. Akwatin da ya fi kusa da dama shi ke fara karɓa, a bi da su zuwa hagu. In biyu suna kan layi guda, wani a saman wani, na ƙasa ke riga na sama. Kyawun wannan tsari shi ne ido yana iya ganinsa. Haɗarinsa kuwa shi ne mai aiki yana iya gama komai lafiya, sai ya ga zanen bai yi masa kyau ba, ya jawo wani akwati ya matsar da shi gefe don tsabta kawai. Bai taɓa igiya ba, bai sake lamba ba, amma aikin ya canza. Garin gyaran gira an rasa ido.

A cikin Pd kuwa matsar da akwati ba ya canza komai. Abin da ke yanke hukunci shi ne wace igiya aka fara ja lokacin da ake zanen. Wannan kuwa ido ba ya ganinsa sam. Ɗalibai biyu suna iya zama a benci guda, su kwafi zane guda daga allo, zanen kowa ya fito tamkar an tsaga kara, amma na ɗaya ya ba da 14, na ɗayan ya ba da 12, don kawai wannan ya fara jan igiyar dama, wancan ya fara da ta hagu. Kama da wane ba wane ba ne. Daɗin daɗawa, in mutum ya goge igiya ya sake janta, ta koma ƙarshen layi ke nan, jerin ya sake. Littafin jagora da Puckette ya rubuta wa Pd ya ja kunnen masu aiki a kan wannan wuri, ya kuma nuna bambancinsa da tsarin Max.

MAGANIN ABIN

Dukkan manhajojin biyu sun tanadi akwati na musamman don wannan matsala. Sunansa da Turanci trigger, ma'anarsa kunamar bindiga, ana kuma taƙaita shi da harafin t. Aikinsa guda ne: ya karɓi saƙo ɗaya, ya fid da shi ta ƙofofi da yawa, daga dama zuwa hagu, ba tare da la'akari da wurin zaman akwatuna ko tarihin igiyoyi ba. Ɗalibin nan na farko, in ya sa wannan akwati mai ƙofar fita biyu a tsakanin akwatin lamba da na tarawa, ya sauko da igiyoyi a miƙe, to matsalarsa ta ƙare. Duk wanda ya kalli zanen kuma, ko bayan shekara goma ne, zai karanta jerin aikin da idonsa.

Akwai kuma wani saƙo da ake kira bang, wanda ba ya ɗauke da lamba ko kalma. Tamkar ƙwanƙwasa ƙofa ne, ma'anarsa kawai a yi aiki yanzu. In mai aiki yana son lambar da ta shiga ƙofa mai sanyi ta sa akwati ya fid da sabon sakamako, sai ya sa akwatin kunama ya fara aika lambar zuwa dama, sannan ya aika ƙwanƙwasa zuwa hagu. Da haka ƙofa mai sanyi kan yi aikin mai zafi.

Har wa yau ya kamata mai koyo ya san cewa saƙo ba ya barin aiki rabi. In ƙofar dama ta fid da saƙo, sai ya bi igiyarsa, ya tashi akwatin gaba, wannan ya tashi na gabansa, har a kai ƙarshen wannan reshe, ko da akwati hamsin ne, kafin ƙofar da ke hagu da ita ta sami damar fid da nata. Kamar ɗan aiken da aka ba saƙon unguwa biyu ne, ba ya shiga ta biyu sai ya gama zaga gidajen ta farko duka.

Sanin wannan yana kare mutum daga wani babban rami, watau da'irar da ba ta ƙarewa. Alal misali, hanyar da aka saba yin ƙidaya a Pd ita ce a sa akwati biyu: ɗaya mai ajiye lamba, ɗaya mai ƙara 1. In aka ƙwanƙwasa mai ajiya ya fid da lambarsa, mai ƙari ya ƙara mata 1, ya mayar masa ta ƙofar dama mai sanyi. Sabuwar lamba ta zauna tana jiran ƙwanƙwasa ta gaba, sai ƙidaya ta tafi 0, 1, 2, 3. In kuwa aka yi kuskure aka mayar da ita ta ƙofar hagu, to mai ajiya zai fid da ita nan take, mai ƙari ya dawo da ita nan take, su yi ta jifar juna ba hutu, har manhajar ta katse aikin ta rubuta gargaɗi. Tsakanin na'ura mai ƙidaya da na'ura mai haukacewa bai wuce faɗin yatsa ba a fuskar kwamfuta.

BA A RASA TOGACIYA

Kowace ƙa'ida tana da inda ta tsaya. Akwai akwatunan da suka saɓa wa tsarin zafi da sanyi, kamar akwatin auna lokaci, wanda ƙofarsa ta hagu ke fara awo, ta dama kuma ita ke sa shi ya faɗi tsawon lokacin da ya wuce. Saboda haka ne kowane akwati yake da shafin bayaninsa, wanda ake buɗewa a ga misalin yadda yake aiki.

Haka kuma akwatunan da ke ɗauke da sauti kansa, waɗanda ake gane su da wata 'yar alama mai kama da igiyar ruwa a ƙarshen sunansu, ba sa bin wannan tsari. Su ba sa jiran ƙwanƙwasa, gudana suke yi ba tsayawa. Pd takan sarrafa sauti ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da ɗigo 64. In ana aiki da ɗigo 44,100 a cikin sakan ɗaya, kamar na faifan CD, to kowane ƙunshi bai kai kashi ɗaya da rabi cikin dubu na sakan ba. Manhajar da kanta take jera waɗannan akwatuna ta yadda na sama zai gama kafin na ƙasa ya fara.

Ba kuma dukkan manhajojin zane ne suka bi wannan hanya ba. Akwai LabVIEW, wadda kamfanin National Instruments na jihar Teksas ya fito da ita a 1986 domin injiniyoyi da masu aikin ɗakin gwaji. A cikinta babu ƙofa mai zafi. Akwati yakan jira har dukkan ƙofofinsa su cika, sannan ya yi aiki. Sassa biyu da babu igiya a tsakaninsu kuwa, kowanne yana iya riga ɗan'uwansa, sai in mai aiki ya ɗaure su da gangan. Wannan tsari ya dace da mai auna zafi ko ƙarfin lantarki. Makaɗi kuwa ba zai yarda da shi ba, domin in ya danna maɓalli yana son sauti ya tashi a take, ba sai an jira kowace ƙofa ta sami sabon saƙo ba. Ke nan wanda ya ƙware a wata manhaja kada ya shiga wata da gadara, kowane gari da irin gaisuwarsa.

ABIN DA YA KAMATA MAI KOYO YA RIƘE

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗabi'ar da mutum ya ɗauka a makon farko na koyo ita za ta bi shi har ranar da zanensa zai kai akwati ɗari biyar, lokacin da neman igiya guda da ta ɓata jeri zai zama kamar neman allura a cikin yashi.

Saboda haka, da farko, ya riƙa tambayar kansa a kan kowane akwati: wace ƙofa ce ke tashin aiki, kuma shin sauran sun cika kafin a taɓa ta? Na biyu, duk inda ya ga igiya biyu sun fito daga ƙofa guda, kuma jerin isarsu yana da tasiri a kan sakamako, to ya sa akwatin kunama, ko da aikin yana tafiya daidai a yau. Na uku, in ya yi shakka kada ya yi ta zato. Akwai akwati mai suna print wanda ke rubuta duk abin da ya shige shi a wani shafi na daban. In ya rataya ɗaya a kowace ƙofar fita, ya ba kowanne sunansa, zai ga jerin fitowar saƙonni a rubuce, na farko a sama, na ƙarshe a ƙasa. Gani ya kori ji.

Malaman da ke koyar da wannan fanni su ma akwai nauyi a wuyansu. Ya fi kyau a nuna wa ɗalibi misalin 7 da 12 tun ranar farko, a bar shi ya yi mamaki, sannan a warware masa, da a bar shi ya gamu da abin shi kaɗai cikin dare ya yanke ƙauna. Wanda ya ga wannan kuskure sau ɗaya ya kuma gane dalilinsa, da wuya ya sake jan kunama kafin ya ɗura bindiga.